Rasuwar Gida Mai Taga Goma Sha Huɗu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma wani fushi da ba ta ga dalilin ɓoye shi ba, Malama Shefali Bagchi, tsohuwar malamar aji uku mai zaune a hawa na huɗu, ɗaki na sha biyu, a lungun masu ƙera tagulla da ke arewacin Kolkata, tana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki da maƙwabta, har da waɗanda labarin zai yi wa daɗi, rasuwar gidanta na takarda wanda aka fi sani da Gidan Fatalwa. Ya rasu ranar Talata da hantsi yana da shekara goma sha ɗaya, a kan teburinsa da ke zauren shiga ginin, saura kwana uku ya kama aikinsa na bana.

An haifi marigayin a kan teburin cin abinci, a shekarar da aka rushe mahaifinsa. Manyan unguwa sun san wannan mahaifin: tsohon gidan dangin Bagchi, hawa biyu, taga goma sha huɗu, bango ya yi baƙi ƙirin saboda damina, ga wata bishiya da ta tsiro a kan rufin ba da izinin kowa ba. Yaran lungun ne suka raɗa masa suna Gidan Fatalwa, suna wuce ƙofarsa a guje. Ita kuwa fatalwar da suke hange a tagar sama ba kowa ba ce, mijin Malama ne, Haripada Babu (a can "Babu" laƙabin girmamawa ne, kamar Malam), da tabarau da jarida da tarinsa mai tsayi. A wannan ɗakin ya cika. Shekara ba ta zagayo ba magada suka sa hannu, aka kawo motar rusau, aka dasa gini mai hawa bakwai a wurin, aka ba Malama ɗaki biyu a sama aka ce ta gode.

Ba ta gode ba. Abin da ya hana ta barci ɗaya ne. Ko yaron goye ya san cewa a yammacin fitila goma sha huɗu, bikin da ake yi sau ɗaya a shekara, kakannin da suka rasu suna dawowa su leƙa gidajensu, don haka ake kunna musu fitilu su gane ƙofa. To, mutanen nan za su karyo kwanar lungu suna neman baƙin gidansu, su tarar da wani zungureren abu ruwan ɗorawa mai gilasai da maigadi. Wa zai gaya musu nan ne? Balle Haripada Babu, wanda ya taɓa ɓata a kasuwar kifin da ya shekara talatin yana cefane a cikinta, wanda kuma bai taɓa yarda ya shiga lif ba, yana cewa akwati ne ake rataye mutane a ciki. Malama ta san mijinta. Zai tsaya ya gyara tabarau, ya duba hagu ya duba dama, ya yanke hukunci cewa shi ne ya yi kuskure, ya juya a hankali ba tare da ya tambayi kowa ba.

Wannan ya sa ta ɗauki almakashi. Da kwalayen alawa ta tayar da bango, ta lulluɓe su da tsofaffin jaridun mijin, ta dama fulawa ta yi gam, ta shafe komai da baƙin tawada. Mako biyar ta yi tana aikin. Ta fitar da tagogin ɗaya bayan ɗaya, har da wadda ƙyaurenta ya karkace tun zamanin surukarta, ta karkatar da shi daidai. Ta yi bishiyar rufi da waya, ta yi yanar gizo da auduga, ta rataya jemagu tara. Tunda an ce gidan fatalwa ne, ta ce bari ya amsa sunansa, ta ƙara masa mujiya da karyayyar matakala. A ƙarshe ta yanka ƙaramar fatalwa fara sol, ta sa mata tabarau na zaren ƙarfe, ta liƙa mata jarida a hannu. Kowace shekara ana saukar da gidan zaure a kan tebur, yana fuskantar get, daidai inda tsohuwar ƙofa take.

Marigayin ya kasance mai kyawawan halaye. Bai taɓa yoyo ba, abin da ba za a iya faɗa a kan ginin da ya rasu a cikinsa ba. Bai taɓa kiran taro ba. Yana da haƙuri da kyankyaso, yana da juriya a kan laima, ya taɓa yin jinyar gara a damina ta shida ya tashi da kwali sabo a bango na gabas. Ba ya tsoratar da kowa sai wanda ya zo da tsoronsa daga gida. Yara suna durƙusawa su leƙa tagoginsa suna ƙirga jemagu, ba a taɓa jin ya sa wani kuka ba, sai dariya da ihun ƙarya. Ba mai yawan magana ba ne. In fankar zaure tana juyawa, jemagunsa sukan ce fir-fir-fir, karkataccen ƙyauren nan ya amsa da ƙyas, ƙyas, kamar tsoho yana neman a ba shi shayi. Malama ta ce ko a cikin hayaniyar biki tana jin wannan ƙyas ɗin tun daga hawa na huɗu, kuma wanda bai yarda ba matsalarsa ce.

Baƙin ciki ɗaya ya rayu da shi. Saboda jikinsa takarda ne, bai taɓa ganin fitilar gaske ba. Sauran gidaje suna kunna aci-balbal na yumɓu, shi kuwa ƙananan ƙwayayen lantarki masu batir ake sa masa, guda goma sha huɗu, haskensu fari fat kamar na ɗakin asibiti. Kowace shekara Malama tana ba shi haƙuri, tana ba mijinta haƙuri, tana cewa a dai gane gidan, fitilar ba komai.

Ba za a rufe tarihin marigayi ba tare da an ambaci abokin hamayyarsa ba, wato Mista Tapan Ghoshal, sakataren kwamitin gini, mai tumbi da tarin makullai. Duk ginin suna kiransa Sakatare Babu. Malama kaɗai take kiransa da sunan da uwarsa take kiransa, Poltu, don ita ta koya masa rubutu a aji uku, kuma yana cikin yaran da suke wuce tsohon gidan a guje, shi har takalmi ya taɓa yarwa a ƙofar. Shekara goma sha ɗaya yana aiko mata takardun gargaɗi, kowace da hatimi. Wata ta ce gidan zai jawo gobara, wata ta ce yana ɓata kyan zaure, wata ta ce baƙi masu neman haya suna ganinsa su fasa. Takarda ashirin da uku cif. Malama takan gyara masa kuskuren rubutu da jan biro, ta adana.

Ranar Litinin da aka sauko da marigayin, Sakatare Babu ya tare ta a gindin matakala.

"Didimoni," ya ce, don har yau bakinsa bai iya kiranta da wani suna ba sai wanda 'yan makaranta suke kiran malama, "bana kam ki taimake ni. Ki ajiye shi a ɗakinki mana. Ai su matattun nan, in dai suna zuwa, ba sa gajiya da hawa."

"Kai ka tambaye su?"

"Haba Didimoni, mutane suna magana. An ce ginin nan kamar maƙabarta."

"Su wa? Kawo mini sunayensu in duba ko na koyar da su." Ta dube shi sama da ƙasa. "Poltu, tsaya ka kalli tagar sama ka ƙirga goma. In ka kai goma, da hannuna zan ɗauke shi."

Sakatare Babu ya ce shi ba yaro ba ne, yana da aiki a gabansa. Ya wuce da sauri ta ɗaya gefen, yana kallon bango. Maigadi shaida ne, bai ko kai ɗaya ba.

Washegari da hantsi, Malama tana kasuwa tana harhaɗa ganye goma sha huɗu na girkin bikin, aka ba da umarnin wanke zaure. Zauren da tun da aka gina shi tsumma da bokiti suka sani, ranar aka jawo masa mesar wanke mota. Mai sharar ya ce ya tambaya ko a ɗage teburin, aka ce masa ruwa ya san hanyarsa. Marigayin ya yi tsayin daka na kusan minti ɗaya. Tawada ta fara zubo masa, bangon gabas ya durƙusa, bishiyar ta sunkuya, rufin ya bi ta. Waɗanda suke wurin sun ce kalmarsa ta ƙarshe ita ce fyaɗ. Shekara goma sha ɗaya ana rubuta takardu a kan wuta za ta ci shi, ashe ruwa aka tanadar masa.

Malama ta dawo ta same shi kwance. Ta ajiye jakar ganye ta zauna a ƙasa a cikin ruwan, tsohuwa mai shekara saba'in da ɗaya, ta yi kukan da ba ta yi ba ranar da aka rushe na tubali, don ranar tana da abin da za ta yi, yau kuwa saura kwana uku, kwana uku kuma ba sa gina gidan mako biyar. Sakatare Babu ya leƙo daga ofishinsa ya ce tsautsayi ne, kwamiti yana jajantawa. Ta share fuska da gefen sarinta ta miƙe.

"Na ji, Poltu. Rubuto mini a takarda. Mai kauri nake so, ka kuma buga hatimi."

Marigayin ya rasu ya bar mahaifiyarsa, Malama Shefali Bagchi, da almakashi ɗaya mai lanƙwasasshen baki, da rabin kwalbar tawada, da jemagu huɗu daga cikin tara, waɗanda yanzu suke shanya a baranda suna samun sauƙi. Mujiya ta bi shi. Ya kuma bar fatalwa mai tabarau, wadda ko ɗigon ruwa bai taɓa ta ba, saboda a cikin akwatin sarin aurenta Malama take ajiye ta, sai yammacin bikin take zaunar da ita a taga. Ana kuma sanar da jama'a cewa marigayin ya bar magaji a hanya. An riga an aza harsashinsa daren jiya da takardun gargaɗin kwamiti ashirin da uku, waɗanda aka gano suna da ƙwari ƙwarai kuma suna riƙe gam. Ta ashirin da huɗu, wato ta jajen, ita za ta zama ƙofar gaba, hatimin yana waje inda kowa zai gani. Zai fi mahaifinsa tsayi da hawa ɗaya, kuma baɗi war haka a zaure zai zauna.

Ana karɓar gaisuwa a ɗaki na sha biyu daga ƙarfe huɗu na yamma. Kada a kawo furanni, a kawo kwali. Wanda zai ce ai takarda ce kawai, ya yi zamansa a gida, an yafe masa. Wanda zai ba da shawarar a sayo na roba a kanti, shi ma haka.

Za a yi jana'iza ranar Juma'a, yammacin fitila goma sha huɗu, da faɗuwar rana. Gawar ta bushe a rana, an tayar da abin da zai tasu, an tokare shi da tsinken tsintsiya, tagogin duk suna nan ko da yake sun langaɓe. Za a ƙona shi kamar yadda ake yi wa kowane ɗan gidan Bagchi. Kwamiti ya hana kunna wuta a cikin harabar gini, kuma Malama mai bin doka ce, don haka za a fitar da shi taku biyu gaban get, a kan kwaltar lungu, inda dakalin tsohon gidan yake, inda hatimin kowa bai kai ba. An keɓe wa Mista Tapan Ghoshal kujera a sahun gaba, kuma shi aka ba riƙon bokitin ruwa, tunda a nan ya nuna ƙwarewa. Bayan an gama za a ci shinkafa da ganye goma sha huɗu a sama, shi ma akwai kwanonsa.

A wannan yammaci marigayin zai sami abin da aka hana shi duk tsawon rayuwarsa. Malama da hannunta za ta jera masa aci-balbal na yumɓu goma sha huɗu, na gaske, masu mai da lagwani, ɗaya a bayan kowace taga, ta kunna su. An ƙiyasta zai yi minti biyu ko uku a tsaye, tagoginsa duk suna haske, kafin wutar ta kai rufi. Malama ta ce ya isa, mijinta mai jinkiri ne amma bai taɓa makara zuwa cin abinci ba. Za ta tsaya a gefen gidan da farin sarinta, fatalwa mai tabarau a hannunta, tana kallon kwanar lungu. Ana roƙon jama'a kada a tsaya a wannan kwanar, a bar hanya a buɗe. In kuma wani ya hangi dattijo ya tsaya yana gyara tabarau, yana duba hagu da dama kamar zai juya, don girman zumunci ya gaya masa nan ne, bai ɓata ba.