Gorunan da Suka Yi Gyaran Murya

Ba na jin zan taɓa mantawa da hantsin wata Juma'a da na tuƙa kwale-kwale a kogin Haɗeja. Shekara huɗu a jami'a ina cika wa ƙawata Bilki baki cewa ni 'yar ruwa ce, jikar masunta. (Gaskiyar magana, iyakar sanina da kogin shi ne zama a gaɓa ina rubuta masa waƙa.) Da ta zo hutu daga Kano, sai ta ce in nuna mata.

Kawuna masunci ya yarda ya fita da mu. Na roƙe shi filafili, ya miƙo min, ya koma goshin kwale-kwalen ya ba gabanmu baya yana ɗinkin tarunsa na kamun kifi.

"In mun wuce gada, ki tsaya inda mata ke wanke-wanke," in ji shi.

Ruwan ne ke tafiya da mu a hankali, ni kuwa ina tsoma filafili kamar da gaske. Gari yana wucewa ta gefe, ƙarar babura tana nisa, balbelu na sauka cikin shinkafa. Da muka iso wurin matan, sai na ga taɓo da kumfar sabulu da tukwane masu baƙi. Raina ya ce wannan bai dace da baƙuwa ba. Can gaba ga wata inuwa a ƙarƙashin itatuwa, an shanya fararen tufafi a kan ciyawa, iska na kaɗa su. Na karkata can.

"Mene ne waɗancan a ruwa?" Bilki ta tambaya.

"Gorunan masunta ne," na ce, da muryar malamai. "A kansu suke kifa ciki su yi iyo."

Sai wani gora ya yi gyaran murya.

Dattawa ne, kowa da sabon aski, suna wankan Juma'a. Tun da suka hango mu duk suka nutse har wuya. Ashe kowane yaro a unguwar ya san nan wurin maza ne, mace ko kallonsa ba ta yi. Na nemi juyawa, kwale-kwalen ya kama zagaye a tsakiyarsu, ya nuna ni ga kowa ɗaya bayan ɗaya.

"Wannan ba 'yar gidan Malam Sale ba ce, mai digiri?" in ji wani.

Kawu ya waiga, ya ce, "A gafarce mu, Baba," ya karɓi filafilin ba tare da ya dube ni ba. Bilki ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa.

Sai da muka yi nisa ta leƙo ta ce, "Ƙawata, ashe gorunanku har mahaifinki sun sani."

Tun ranar, duk gaɓar da na ga ta cika kyau amma babu mace ko ɗaya, sai in ƙyale ta in nemi taɓo.