Ta Tafi da Sirrin Doki

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, tsohon malamin lissafi, wanda jikokinsa ke kira Baba Bari-in-duba, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar kwamfutarsa. Ta cika ranar Talata da hantsi, a kan teburin cin abinci, tana da shekara goma sha huɗu.

Marigayiya ce abokiyar shawararsa a wasan ces, darar nan mai sarki da doki, irin wadda ake bugawa daga nesa: ka aika taku ɗaya yau, amsa ta zo bayan mako biyu. Tun daga buɗe wasa take riƙe masa hannu. Ita ta raba shi da halin fito da sarauniya da wuri, ita ta kai shi zagayen ƙarshe na gasar manya. Dokar gasa ta yarda a nemi shawarar na'ura, amma Baba bai taɓa faɗa wa surukansa ba, ita ma ta rufa masa asiri har ƙarshenta.

Ciwo ya fara ne da zafin jiki. Fankarta ta riƙa kukan "ƙirrr, ƙirrr", uwargida ta ce a bar baiwar Allah ta huta, Baba ya ce wasa ya kai gaɓa, ya zauna yana yi mata fifita da jarida. Shekara biyu ke nan yana karawa da wani likitan haƙori na ƙetaren teku, kuma a taku na goma sha bakwai marigayiya ta sa shi ya ba da dokinsa kyauta. Ya bayar, likita ya cinye. Tana cikin lissafin abin da zai biyo baya ta ce "tit, tit, tit", fuskarta ta yi baƙi. Mai gyara ya buɗe cikinta, ya girgiza kai, ya mayar da murfi.

Ta bar allon rubutu mai giɓi biyu, da linzamin kwamfuta gurgu, da uwargida, wadda teburinta ya dawo hannunta, an kuma ga tana jure rashin da murmushi. Ta bar Baba da kwana tara kacal ya aika amsa da kansa, abin da rabonsa da yi tun yana da baƙin gashi.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da safe a shagon mai gyara, inda za a cire sassan da za su amfani masu rai. Zaman makoki a falo. Ana roƙon masu ta'aziyya kada su taɓa allon ces na katako da ke gaban Baba. Wanda kuma Allah ya sa ya gane dalilin ba da dokin nan, ya daure ya raɗa wa mai makoki a kunne.