Ranar da Aka Ɗaga Ƙafa-Ba-Ƙasa

In ana maganar manyan mutane a layinmu, to a gyara zama, Ƙafa-Ba-Ƙasa ake nufi. Mataimakin mai kula da sito ne a wani kamfanin sabulu, amma in ka ji yana bayanin aikinsa sai ka rantse ranar da ya yi mura duniya ba za ta yi wanka ba. Tun da ya sayi wata tsohuwar mota mai baƙin gilashi ya yi wa tafiyar ƙasa saki uku. Ko ashana zai saya a shagon da ke kallon ƙofar gidansa, sai ya tada mota, ya zagaye layi, ya dawo ya danna ham.

Direba kam babu, albashin bai kai nan ba. Amma Allah ya yi wa bawan nan basira. In ya isa wuri sai ya kashe mota, ya tattare riga, ya tsallake kujera ta ciki, ya ɓullo ta ƙofar baya yana cewa, "Jira ni nan." Kowa ya san sitiyari yake ba umarni. Mun dai zuba ido, kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Abu ɗaya ya rage masa a duniya: shugabancin ƙungiyar mazauna unguwa. A makarantar firamare za a yi zaɓen, kuma dokar a fili take, wanda bai zo ba ba a zaɓensa. Abokin takararsa wani tsohon malami ne mai keke, wanda Ƙafa-Ba-Ƙasa ke kira "bawan Allahn nan mai feda." Jawabin nasara kuwa ya daɗe da haddace shi a gaban madubi.

Ranar zaɓe ya ɗauko matarsa suka kama hanya. Suna isa shataletale motar ta yi tari, ta yi atishawa, ta ce ga garinku nan. Ya murɗa mabuɗi, shiru. Ya sake murɗawa da addu'a, shiru. Ga ginin makarantar can ana hange, jifa ɗaya.

"Maigida, mu taka mana," in ji matar.

"Mu taka? Ni? Jama'a na jiran shugaba, sai su ga mutum ya shigo da ƙura a takalmi? Ke ba ki san siyasa ba. Shugabanci kwarjini ne, shi kuwa kwarjini tayoyi huɗu gare shi!"

Ba ta ja zance ba. Ta ɗauki jakarta ta ce bari ta je ta riƙe masa kujera.

Ya kira bakanike a waya cikin raɗa, kamar mai cinikin kayan sata. Bakanike ya zo da janwe, ya ce Yallaɓai ya fito a ɗaura. Yallaɓai ya ce ba inda za shi. Ya tsallaka gidan baya ya harɗe, aka ja shi gaban mota a sama, yana ɗaga wa masu tallar bakin titi hannu.

A gareji bakanike ya leƙa ya ce matsalar a ƙasa take, sai an ɗora motar kan na'urar ɗagawa. Ƙafa-Ba-Ƙasa ya dubi daɓen da baƙin mai ya jiƙe, ya dubi takalminsa.

"Ɗaga har da ni. Zan sa ido kan aikin daga sama. Ku hanzarta, al'umma na jira."

Aka danna maɓalli, mota ta hau har ta kusa sumbatar kwanon rufi. Bakanike bai gama zaɓen sifana ba aka ɗauke wuta. Janareta kuwa ga shi nan kan teburi a kwakkwance, shi ma layin gyara yake bi.

Bakanike ya jingina tsani, ya ce ko Yallaɓai zai daure.

"Tsani? Ka gan ni da kama da mai gyaran rufi? Zan jira wuta. Ba ta isa ta daɗe ba, masu wutar sun san ina nan."

Ashe ba su sani ba. Rana ta bugi kwano, kwano ya bugi mota, mota ta shiga dafa mai ita. Gumi ya wanke sitacin rigar tas. Wallahi har tausayi ya so ba ni, sai na tuna shi ya zaɓa.

Can da yamma sai ga jama'ar unguwa, ƙwansu da kwarkwata, sun cika gareji suna ɗaga kai. Zuciyarsa ta yi fari ƙal. Ya buɗe ƙofa, ya zuro kai, ya gyara murya.

"Ya ku al'ummata! Na san ba za ku iya jira ba. Wannan nasara ba tawa ba ce ni kaɗai..."

"Ba taka ba ce ma sam," in ji malami mai keke, yana share hawayen dariya. Ya ce da aka tambayi matar ina maigida, sai ta faɗi abin da ya faru tsaf, ba ƙari ba ragi. Nan take jama'a suka ce wadda ta iya zama da wannan mutum ba ta haukace ba, riƙon unguwa wasa ne a wurinta. Shi kansa malamin janye mata ya yi.

Bakanike ya ƙara da cewa abin da ya lalace sai an aika an sayo, motar a nan za ta yi sati.

Haka Ƙafa-Ba-Ƙasa ya juya wa al'ummarsa baya ya kama tsani, ƙafa na laluben mataki, riga ta sarƙale a ƙofa. Sabuwar shugaba ce ta riƙe masa tsanin.

"A hankali, maigida," ta ce. "In ka sauko ka karɓi jakar nan. Shugaba ba ta ɗaukar kaya."