Cokalin da Ruwa Ya Wanke

"To da sauƙi, tunda ka tashi da ranka. Ni da na zo da shirin cin gadon madubin nan."

"Kin makara, sarauniyar barci. Ruwa ya kusa kawowa, ke sai yanzu kika gama kokawa da bargo."

Haka Chinatsu da kakanta Tokuji ke gaisawa, kuma duk wanda ya saba zuwa bakin lakar Higashiyoka ya san ba faɗa ba ne. Jiji take ce masa tun tana koyon magana. Tsohon ya ƙarar da rabin rayuwarsa a kan katangar nan ta bakin teku, ya duƙa a kan madubin hangen nesa mai ƙafa uku, yana leƙen tsuntsayen da ko gaisuwa ba su taɓa yi masa ba. Ita kuwa a shagon tabarau take aiki a cikin garin Saga, kuma yau ba don tsuntsu ta zo ba. Uwarta ce ta aiko ta, ta ce ko ta halin ƙaƙa ta shawo kan tsoho ya je likita ya duba masa ido.

Chinatsu ta san abin da yake tsoro. In likita ya ga yana ta fara rufe masa ido, za a ce ya ajiye tuƙi. In ya ajiye 'yar akori-kurarsa kuwa, shi da laka sai labari, domin bas ba ta san lokacin cikar ruwan teku ba. Shi ya sa duk ranar da aka ambaci likita sai kunnensa ma ya ƙi aiki.

Ta ajiye masa dunƙulen shinkafa da shayi. Ko kallo bai yi ba, ya ja da baya daga madubin.

"Zo in gwada ki. Wancan farin tsuntsun tekun da ke kan turke, bakinsa ja ne ko baƙi?"

Ta leƙa. "Baƙi ne, gajere."

"Daidai. Dama na sani. Kin fara hankali."

"Ni duk ɗaya nake ganinsu. Farare, masu kwakwazo, ga satar abincin mutane. Kai da 'yan ƙungiyarku ta masu leƙen tsuntsaye kenan, hula ce kawai ba su da ita."

"Jahila mai sayar da gilashi. Kina saka wa mutane ido, ke naki na ado ne."

Nan ya shiga yi mata karatun da ta haddace tun tana firamare: wai mai jan baki daban, mai baƙin baki daban, ɗan bana yana da tabo a fuka-fuki, rigar sanyi ba irin ta bazara ba ce. Ta ce masa tsuntsun da ke canja kaya sau biyu a shekara ya fi shi tsafta, tunda jaket ɗin da ke jikinsa ta girmi uwarta. Ya ce jaket ɗin ta ga abin da ita ba za ta gani ba ko da ta haɗa gilasan shagonsu duka ta ɗora a hanci.

Ruwa ya fara turo ƙananan tsuntsayen laka zuwa gindin katanga, dubbai, launin toka, kowanne kai a ƙasa yana caccakar taɓo kamar keken ɗinki. Tsoho ya koma kan madubi. Can sai ta ga bayansa ya sandare. Ya yafito ta da hannu.

"Mai bakin cokali," ya ce da raɗa.

Kowa a gidansu ya san wannan suna. Ɗan tsuntsu ne da bai fi tafin hannu ba, kamarsa ɗaya da sauran dubban nan, sai dai ƙarshen bakinsa a baje yake kamar cokalin shayi, kuma sun kusa ƙarewa a duniya. Tokuji bai taɓa ganinsa ba. Abin da ya fi ci masa rai shi ne abokin hamayyarsa Soejima ya taɓa gani sau ɗaya, kuma tun daga ranar ba biki ba jana'iza da bai ba da labarin ba.

Chinatsu ta sa ido. Akwai abu a ƙarshen bakin, ba shakka. Amma gefe ɗaya ya fi ɗaya kauri, kuma yana ƙyalli.

"Jiji, laka ce ta manne masa."

"Lakar tana cikin kanki."

"Cokalin naka ma a karkace yake. Wa zai sha miya da wannan?"

"Ke da ba ki iya dafa miyar ba, me kika sani game da cokali?"

"To mu yi haka. In cokali ne, ba zan ƙara ce maka likita ba, kuma zan gaya wa Mama shaho ma a wurinka yake aron ido. In laka ce, ranar Litinin mu je tare."

"Na yarda. Ki fara shirya ƙaryar da za ki yi wa uwarki."

Ta ce ya dakata tsuntsun ya tsoma baki a ruwa tukuna. Ina, kafin ta rufe baki ya danna wayarsa, saƙo ya tafi wa duk 'yan ƙungiya. Ita kuwa ta san dokarsu: wanda ya tara jama'a a kan tsuntsun ƙarya, shi zai wanke takalman robar kowa a bakin famfo, a gaban kowa.

Kai, ka ga mutane! Motoci suka yi ta tsayawa. Dattawa masu furfura suna ɗan gudu da kyamarori masu tsawon taɓarya. Wani ya baro kujerar likitan haƙori da auduga a kumatu. Wani ya zo da baƙar kwat, daga zaman makoki ya sulale. Kuma abin haushin, duk wanda ya sa ido sai ya ga cokali, tunda Tokuji ne ya faɗa. Mai audugar ya rantse ko tafiyarsa ta mai cokali ce, alhali tsuntsun baya ya ba shi. Soejima ya zo a ƙarshe, ya leƙa, ya taɓe baki, ya ce to, ba laifi, amma nasa na wancan karon ya fi wannan faɗin cokali.

Tokuji kuwa sai sunkuyawa yake yana amsa barka, fuskarsa ta koma ta yaro. Chinatsu ta tsaya gefe tana fatan ita ce ta yi kuskure. Ba ta taɓa son faɗuwa a musu kamar yau ba.

Ruwa ya iso ƙafafun tsuntsun. Ya tsoma baki, ya girgiza kai. Cokalin ya faɗa ruwa, ya narke. Abin da ya rage baki ne siriri mai tsini, irin na sauran dubban da ke kewaye da shi.

Ƙarar kyamarori ta ɗauke. Sai kuma aka fara gyaran murya. Mai kwat ya ce shi dama tun farko ƙafafun ba su kwanta masa ba. Mai auduga ya ce shi dama ba ya gani sosai in an yi masa allura. Soejima kuwa ya fara cire takalminsa a hankali, yana murmushi.

Shi kaɗai Tokuji bai ɗago ba. Idonsa na kan madubi, yana cewa, "Ku duba yadda yake juya shi a ruwa. Ku dubi faɗinsa."

Bai ga faɗuwar lakar ba. Wannan ne ya soki Chinatsu. Shirun jama'a ne ya sa tsohon ya ɗago, ya dubi fuskoki, ya dubi takalmin Soejima. Ya juyo wurinta.

"Chinatsu. Zo in gwada ki."

Ta matso kusa yadda ba mai ji. "Siriri ne, Jiji. Ruwa ya wanke shi." Ta dafa kafaɗarsa. "Kuma na daɗe da sanin ba gwada ni kake yi ba."

Bai musa ba. Ya cire hula, ya sunkuya wa jama'a har ƙasa, ya ba su haƙuri, ya nufi famfo.

Takalma suka yi layi, kowanne da lakarsa har wuya. Soejima ma ya koma mota ya ɗauko na matarsa da ba ta zo ba. Tsoho ya tsuguna da buroshi. Chinatsu ta naɗe hannun riga ta tsuguna kusa da shi.

"Tashi. Doka ta ce mai laifi kaɗai."

"Ai duba aikinka na zo yi. Wanda bai ga laka a bakin tsuntsu ba, ina zai gan ta a takalmi?"

"Mara kunya."

"In an kankare maka idon nan za ka sha mamaki. Rabin tsuntsayen da kake taƙama da su silifas ne ruwa ya kawo."

"Zan kuma ga fuskarki sosai. Wannan ne abin da nake gudu tun farko."

Suka yi ta gurza. Can, ba tare da ya dube ta ba, ya tambaya in likita ya hana shi tuƙi fa. Ta ce ai sai ta riƙa kawo shi, duk ranar da ruwa zai cika.

"Ke? Cikar ruwa ba ta jiran mai barci."

"Zan tashi. Zan zo ina zaginka tun daga ƙofar gida har nan, amma zan tashi."

Tsoho ya fashe da dariya, har buroshi ya suɓuce masa cikin takalmin Soejima. Ya goge hannu a jaket, ya laluba aljihu, ya ciro makullin akori-kura ya danƙa mata a jiƙaƙƙen tafinta.

"Riƙe. Ki fara daga yau. Amma madubin nan, sai na mutu."

Chinatsu ta sa makullin a aljihu, ta jawo wani takalmin.

"To kada ka yi gaggawa," ta ce. "Har yanzu duk ɗaya nake ganinsu."