Sandar Darakta, Kamu Ɗaya

Duk layinmu babu mai ilimin Darakta. Shi da kansa ya faɗa, kuma mutum irinsa ba ya ƙarya. Ya yi aikin gwamnati har kujerar ofis ta ɗauki siffarsa. Masu hassada suna cewa mataimakin mai kula da sito ne, amma ko su, in sun gan shi, Darakta suke cewa. Sai ya ba da baya su ce Na-Sani, don Allah ya yi masa baiwar sanin magana tun mai ita bai gama ba. Ko sallama ka yi masa, kana "assalamu" ya san saura.

Abu ɗaya ne ya ƙi yi masa biyayya, gwiwarsa ta hagu. Likita ya duba ya ce ta cinye, kada ya sake taka titi babu sanda. Ya ba shi ta asibiti, irin ta ƙarfen nan mai roba a gindi. Darakta ya riƙo ta da yatsa biyu har gida kamar ya tsinto mataccen ɓera, ya ce wa matarsa ta jefa bayan ƙofa.

Ga kuma zaɓen ƙungiyar tsofaffin ma'aikata ya matso, shi da Akanta ne ke neman shugabanci. Akanta abokin hamayyarsa ne tun suna ofis, kuma har yau da ƙafarsa yake zuwa kasuwa ya dawo. In Darakta ya shiga zauren taro da sandar marasa lafiya, an gama zaɓe.

Sai ya tara iyalinsa a falo ya yi jawabi. "Manyan mutane a ƙasashen da suka ci gaba, in sun ajiye aiki, sassaƙa suke yi don nishaɗi. Ku lura, nishaɗi na ce, ba neman abinci ba. Zan sayi ƙaramin injin da ke juya itace, in sassaƙa sanda da hannuna. Wanda ya riƙe sandar da ya sassaƙa ba dogarawa yake ba, baje kolin fasaha yake." Matarsa ta ce Allah ya taimaka, ta tafi duba tukunya. Kafin la'asar duk layi ya ji labari, shi ya tabbatar an ji.

Ranar zaɓen inji ya sa babban ɗansa ya kai shi a mota. Ya saka tabarau, ya soke biro biyu a aljihu. Mai shago ya nuna masa wani dogo, tsawon gado, duk jikinsa baƙin mai, ya ce wannan shi kafintoci suka fi saye. Darakta ya dube shi sama da ƙasa.

"Na yi maka kama da mai jiran a kawo masa kujera gyara?"

Mai shago ya nemi gafara, ya nuna matsakaici. Darakta ya ƙwanƙwasa shi da ɗan yatsa, ya kara kunne kamar mai sayen kankana, ya tambayi ƙarfin doki nawa gare shi. Aka faɗa masa. Ya girgiza kai ya ce dawakan sun yi yawa, maƙwabta za su ɗauka wurin niƙa ya buɗe.

Can idonsa ya faɗa kan wani ɗan ƙarami a saman kanta. Fari ne fat, yana ƙyalli, da 'yar taga mai kawo jan wuta tana nuna lamba. Littafinsa ya fi shi kauri, an rubuta shi da harsuna iri-iri. Darakta ya buɗe shafin da ba ya iya karantawa, ya gyaɗa kai.

"Wannan don masu ilimi aka yi shi."

"Gaskiya ne, ranka ya daɗe. Amma me za a sassaƙa?"

"Wannan ba huruminka ba ne."

"Don dai tsakanin bakin nan biyu da ke riƙe itacen, kamu ɗaya ne kacal, ya fi dacewa da biro da mariƙin…"

"Na sani."

Mai shago ɗan kasuwa ne, ba malamin makaranta ba. Ya ɗaure kwali, ya yi masa rakiya har mota.

A gida aka kwashe keken ɗinkin matarsa daga ɗakin baya, aka dasa inji a kan tebur. Dama ya tanadi wani katako mai kyau, ja, miƙaƙƙe, tsawonsa har kwankwasonsa. Ya ɗauko shi ya kai bakin injin. Injin ya karɓi kamu ɗaya, sauran ya leƙa ta taga.

Ɗansa ya ce, "Baba, ko mu mayar a canjo dogon?" Ya ce a rayuwarsa bai taɓa sa hannu a abu ya janye ba. Ɗan ya ce to a yi gunduwa-gunduwa a haɗa da kusa. Ya ce mai neman shugabanci ba ya riƙe sanda mai faci. Sannan ya bayyana cewa injin daidai yake, katakon ne ya yi tsawo. Aka kawo zarto aka raba shi uku.

Gunduwa ta farko ta ƙwace tana tsakar juyawa, ta fice ta kashe gilashin taga. Ya ce gwaji ne. Ta biyu, duk inda ƙarfen sassaƙa ya kafta sai ya ƙara aske wurin don ya ɓoye, har ta koma abin sakace haƙori. Ya ce wannan kyauta ce ga maman yara. Ta karɓa da hannu biyu, garin katako na zuba daga gashin girarsa. Ta uku dai ta fito. Kuma a faɗi gaskiya, ta yi kyau: sumul, da ɗan dunƙule a kai, da zobe-zobe a wuya.

Ranar zaɓe matarsa ta ɗauko sandar asibiti ta jingine inda zai gani. Bai gani ba. Ya maƙale tasa a hammata, ya ce haka manyan hafsoshin soja ke riƙewa. Mota kuwa ya ƙi, tunda zauren a ƙarshen layi yake kuma Akanta da ƙafa zai je.

Ya wuce shagon tela ƙirji a gaba. Ya wuce mai gyaran rediyo, tafiyar ta fara karkata. Daidai rumfar mai nama gwiwa ta ce iyakarta ke nan. Ko dai ya zube a gaban jama'a, ko ya dogara da abin da ke hannunsa. Ya zare sanda ya kai ta ƙasa, ta tafi da shi har ya ninke biyu. A haka ya ƙarasa, hula na gaba, tsuliya na sama, duk wanda ya gifta sai ya ɗauka gaisuwa ce ya amsa.

Akanta na tsaye a ƙofar zaure, 'yan ƙungiya kewaye da shi. Sai ga Darakta ya iso a rusune, ya tsaya daidai ƙafafunsa yana haki, bakin nan ya kasa fitar da kalma. Akanta ya dafa masa kafaɗa.

"Haba ɗan'uwa, tashi, tashi. Na karɓa. Jama'a, kun ga dattako, ya janye mini."

Zaure ya ɗauki tafi, wasu har da share hawaye. Mutum biyu suka ɗaga Darakta suka zaunar da shi a kujerar gaba. Ko ƙuri'a ba a kaɗa ba.

Da surutu ya yi yawa, sabon shugaba ya waiga yana neman abin buga tebur. Ya miƙa hannu ya ari sandar. Ya buga sau ɗaya, wuri ya yi tsit. Ya juya ta yana dubawa, ya ce lallai wanda ya sassaƙa wannan ya san aikinsa, tsawonta daidai.