Ranar da Na Je Ƙwato wa Anas Mutunci

Ba zan taɓa mantawa da walimar ajin ɗana Anas ba, kuma ko na so mantawa matan unguwarmu ta Shisha a Makka ba za su bar ni ba.

A shekarar da aka fara yayin koya wa yara Sinanci a Saudiyya, Baban Anas ya dawo gida da labarin wai ya sa yaron a wani ajin yamma. Yaron da ko “ina kwana” sai na yi da gaske yake faɗa, Larabci ya cinye masa baki, shi za a ƙara wa yare na uku! Na ce a fara gyara Hausar mana. Ya ce Hausa ai tana gida, ba ta gudu.

Malamar Musulma ce 'yar ƙasar Sin, mijinta yana karatu a nan Makka, yara suna ce mata Abla. Dokarta ɗaya: da an shiga aji ba Larabci, sai Sinanci zalla, ko ruwa yaro zai roƙa. Ni kuwa firamare na tsaya, kuma Allah ya yi ni da saƙe-saƙe. Me ake faɗa wa ɗana da ba na ji? Waƙar da yake rerawa a banɗaki, ba saɓo a ciki? (Har liman na sa aka tambayar mini. Ya ce shi ma ba ya jin Sinanci.)

Wata rana ina ba shi abinci na tambaye shi ko Abla tana son sa. Ya ce sosai ma, kullum sai ta shafa kansa ta ce masa wawa.

Cokali ya faɗi daga hannuna. Na sa ya maimaita, ya maimaita yana murmushi. A ina matar nan ta koyi Hausa? Na yanke cewa a unguwar Mansur ne, wajen Hausawa masu sayar da tsire, kuma da zagi ta fara. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yaron bai ma san zaginsa ake yi ba. Na gaya wa babansa, ya ce in bari zai bincika. Na san binciken Baban Anas, har yau yana binciken famfon kicin.

Sai ga walimar ƙarshen zango, an gayyaci iyaye mata. Na shirya jawabina da Larabcina na kasuwa, na yi ta bitarsa a tasi, da niyyar in ta sake, a ranar zan cire shi daga ajin. Yara suka yi waƙa, Anas ya ƙirga har goma, aka tafa. Abla ta dafa kansa a gaban kowa ta ce, “Hao wawa!”

Ban san lokacin da na miƙe ba. Jawabin duk ya gudu, abin da ya fito kawai shi ne, “Ya Abla, ɗana ba wawa ba ne!”

Wata Balarabiya ta hau lalube jaka tana tambayar ina ya ji ciwon, don su a bakin yaransu wawa ciwo ne. Abla kuwa ta dube ni da fara'a, ta amsa da Larabcinta na littafi: “A'a, wawa ne. Dukansu wawa ne. Ke ma a da wawa ce.”

Na ce to yau an zo wajen. Na kama hannun Anas zan fita, shi kuma ya riƙe ƙafar tebur yana kuka. Ana cikin haka Ummu Fahad, wata haifaffiyar Makka da kakanninta suka zo daga Katsina, ta fashe da dariya har da riƙe ciki. Da ƙyar ta yi wa Abla bayanin abin da kalmar take nufi da Hausa. Baiwar Allah ta dafe ƙirji, ta ruga ta ɗauko 'yar tsana daga kabad tana nuna mini: wawa. Ta nuna jaririn da ke cinyar wata: wawa. Ashe a garinsu ɗan ƙaramin yaro ke nan, “hao” kuma na kirki. Ita ke ba ni haƙuri, ni ina neman inda zan nutse. (Nikabi ya yi mini rana, sai dai bai rufe murya.)

A hanyar gida Anas ya ce da Larabci, “Umma, ashe duk lokacin da na zubar da shayi kika ce mini wawa, ba Sinanci kike yi ba?”

A nan na gane dalilin da ya sa kwanan nan in na faɗa masa haka sai ya zo ya rungume ni.

Yana nan a ajinsa, ni da shi kuma Hausa muke yi yanzu bayan Magariba, ko yana so ko ba ya so. Na dai koyi cewa kafin ka je ƙwato wa ɗanka mutunci a waje, ka fara tuna sunan da kake kiransa a gida. Ummu Fahad kuwa har yau in ta hango ni a kasuwa sai ta ɗaga hannu ta ce, “Hao wawa, ya gida?”