Ranar da na wanke wa kifin surukina tuwonsa

Ba zan taɓa mantawa da kunyar da tsabta ta ja mini a Gure ba. Daga Gamu na zo zaman jegon autata. Mijinta ma'aikacin ruwa ne, mutumin kirki, amma yana da wata tasa wautar: akwatin gilas cike da ruwan gishiri a ɗakin baƙi, da duwatsu, da wani ɗan kifi guda da ya yo dakonsa tun daga Kwatano. Kifin bai fi ɗan yatsa ba, ido zuru-zuru, ga wasu gashin gira kamar tsohon maigari. Ko iyo bai cika yi ba, sai ya hau dutse ya yi ta kallon mutum.

Abin da ya tsone mini ido shi ne gansakuka. Duwatsun nan kore shar, gilas ma haka. A garinmu randarki ta yi haka, har a rijiya sai an yi da ke. Ga suna saura kwana biyu, dangin miji za su cika gidan, su ce 'yata ƙazama ce, a wajen uwarta ta gado.

Na tambaye shi? Wane ni! Suruki ne, ko ido ba ma haɗawa. Ita kuma mai jego tana ta barci. Yana fita aiki na kwashe kifin da ƙoƙo, na tsame duwatsun, na dirje su da rairayi da soso har suka yi fari tas (Allah ya so ban sa sabulu ba). Na mayar da kome, na lulluɓe akwatin da zane, na ce kada wanda ya ɗaga, wai sai ranar suna a sha mamaki.

An kuwa sha. Baƙi sun cika ɗaki na yaye zanen, na ce su ga aikin tsohuwa, ba irin na yaran yanzu ba. Surukina ya dubi akwatin, ya dubi ƙasa, ya ce, "Sannu da aiki, Inna," murya kamar mai ta'aziyya.

Bukar wanzami, taubashina, shi ya fasa ƙwan. Yakan zo yi wa surukin nawa aski, ya san zancen. Ya ce wata uku bawan Allah yana rainon koren nan, don shi kaɗai kifin ke kalacewa. "Ke Hajara, kin zo barka kin share wa maigida rumbu!"

Har mai jego sai da ta riƙe ciki don dariya. Ni ko na nemi ƙasa ta tsage.

Kifin bai mutu ba, ya dai rame. Sauran kwanakin arba'in, kullum na gama dama kunun mai jego sai in yausasa masa ganyen salati a ruwan zafi, in miƙa da ladabi, yana hararata daga kan farin dutse.

Yanzu in na je gidan mutane, ko yanar gizo na gani sai na tambaya ko kiwonta ake.